Burodi na kumbura maka ciki? Tsakanin dainawa, canzawa da zuwa gwaji

Wata ƙanwata ta zo gidanmu kwanaki, aka kawo shayi da burodi ta ce a'a Yaya, ita yanzu ba ta cin gulutin. Na ce to sannu, wane likitan ne ya gaya miki? Ta ce ai ba sai likita ba, jikinta ne ya gaya mata, duk sanda ta ci burodi cikinta sai ya yi tam kamar an hura balan-balan, kuma ta ga wata a TikTok tana lissafo alamomin abin, duk tana da su. Na ce faɗa min in ji. Gajiya, ciwon kai, kumburin ciki, ƙuraje a fuska, jin bacci bayan an ci abinci. Na ce wannan ai ni ma ina da su, rabin mutanen layinmu ma suna da su. Da rana aka yi tuwon semo miyar kuka ta share malmala biyu ko gyatsa ba ta yi ba, ita a tunaninta semo wani hatsi ne daban, alhali alkamar ce dai aka barza.

Ba wai ina cewa ƙarya take ba fa. Cikin nata yana kumbura, na gani da idona. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sunan da ta raɗa wa ciwon ita kaɗai a ɗaki, don in ka kuskure sunan ciwo to ka kuskure maganinsa. Kuma na lura mutane da yawa yanzu suna tsaye a wannan mararrabar, wasu na cewa a daina alkama kwata-kwata, wasu na cewa ai burodin zamani ne ya lalace a koma na da, wasu na sayen wani burodi mai tsada da aka rubuta ba gulutin a jikin ledar. To bari mu jera su mu gani.

Shi gulutin ɗin ba wata guba ba ce da Turawa suka zuba a fulawa, furotin ne da Allah ya halitta a cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da suke kira rayi. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo yana jawuwa, shi ne ke riƙe iskar da yis ya saki har burodi ya tashi. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, wake, duk babu shi a ciki, shi ya sa ba za ki taɓa yin burodi mai laushi da garin dawa zalla ba.

Masu cutuwa da shi da gaske akwai su. Cutar ana kiranta siliyak, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta hau kan ƙaramin hanjinsa duk sanda gulutin ya shiga, ta goge ƴan tsirarun gashin nan da ke tsotsar amfanin abinci, sai mutum ya yi ta ci amma jiki ba ya samu. A duniya kusan mutum 1 ne cikin 100. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙar, lokacin yunwar da aka yi a ƙasarsu a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, 1944 zuwa 1945, burodi ya yi wuya sai ya ga yaran da ke fama da zawo da rama suna ta farfaɗowa, da burodi ya dawo suka koma ruwa. Kuma kar wani ya ce ciwon Turawa ne, ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a Afirka aka same shi, a cikin yaran Sahrawi na Yammacin Sahara, binciken da aka fitar a 1999 ya nuna kashi 5.6 cikin 100, kusan yaro 1 cikin 18 kenan. Sai kuma masu alajin alkama, su nasu ba ya ɓoyuwa, minti kaɗan bayan ci sai borin jini, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, wannan asibiti ake gudu ba TikTok ba.

Rukuni na uku su ne mafi yawa, kuma nan ƙanwata take. An gwada ba siliyak, ba alaji, ko kuma ba a ma gwada ba, amma sun rantse alkama na damunsu. A nan labarin ya yi daɗi. Wani farfesa a jami'ar Monash ta Ostareliya, Peter Gibson, shi da tawagarsa suka yi bincike a 2011 da ya nuna kamar eh lallai gulutin na damun waɗannan mutanen, duniya ta ɗauka ana ta yayatawa. Mutumin bai gamsu da aikin nasa ba, a 2013 ya sake, wannan karon da mutum 37, su suka riƙa ba su duk abincin da za su ci, aka fara da cire musu wasu nau'ikan sikari masu wuyar narkewa da ƙwayoyin hanji ke ruɓar da su su mai da su iska. Duk suka ji sauƙi. Daga nan aka riƙa ɓoye musu gulutin a abinci ba su san wanne ne wanne ba, wani mai yawa, wani kaɗan, wani babu sam, sai ga shi har wanda babu komai a ciki suna cewa ya tayar musu da ciki. A Oslo ta ƙasar Nowe an yi makamancinsa a 2018 da mutum 59 da duk suka daina gulutin da kansu. Aka ba su wani ɗan abin taunawa kala uku, kamanninsu ɗaya ɗanɗanonsu ɗaya, ɗaya da gulutin, ɗaya da furuktan, wato ɗaya daga cikin sikarin nan masu wuyar narkewa, ɗaya wayam. Mutum 24 furuktan ne ya fi damunsu, 22 wayam ɗin ne ya fi damunsu, 13 kacal ne gulutin. Ku sake karanta wannan, wanda ba komai a cikinsa ya fi gulutin tayar da ciki.

Shi furuktan yana cikin alkama, gaskiya ne, amma yana cikin albasa da tafarnuwa ma, kuma wake na da ɗan uwansa. To ka tuna yadda muke cin burodin nan tsakani da Allah. A teburin mai shayi, rabin burodi, ƙwai uku da aka soya da albasa cike da hannu, shayi mai kauri da madarar gwangwani, wani ma ya ɗora indomi a kai, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ya je ya kwanta. Ko wake da burodi da rana. Da safe ciki ya cika fam sai a ce burodi ne. Madarar fa? Manya da yawa a Afirka ta Yamma cikinsu ba ya narkar da sikarin madara sosai, in ka cire Fulani da suka gaji abin. An bar jaki ana dukan taiki.

To hanya ta farko, a daina alkama gaba ɗaya ba tare da gwaji ba. Amfaninta ba ka kashe ko sisi, kuma mu nan Allah ya rufa mana asiri, abin da Bature ke nema a kanti da tsada shi ne abincin kakanninmu: koko da ƙosai, waina, sinasir, tuwon dawa, tuwon shinkafa, fura, faten acca, alale, dambu. Kuma da yawa za su ji sauƙi, ban musa ba. Amma ka duba me ka daina tare da burodin: cincin, fanke, biskit, kek, indomin dare, bota, lemon kwalbar da ake korawa da shi. Duk wanda ya bar waɗannan zai ji jikinsa sakayau ko da gulutin bai taɓa yi masa komai ba. Wato ka samu sauƙi amma ba ka san daga ina ya zo ba.

Babbar illarta kuwa ita ce wadda ba a faɗa a bidiyoyin nan. Gwajin siliyak yana neman sojojin da jini ke fitarwa ne in ana cin gulutin, in ka daina na wasu watanni sai su kwanta, hanjin ma ya fara warkewa, ka je gwaji a ce lafiyarka ƙalau alhali kana da ita. In kana son gwajin ya yi gaskiya sai likita ya ce ka koma cin alkama kullum, a Ingila ƙa'idarsu sati 6 ne, ka ga wanda ke da cutar da gaske ya jawo wa kansa sati shida na azaba. Sannan wanda ya yanke wa kansa hukunci rabi da rabi yake yi, yau ya ƙi burodi gobe ya ci alkaki a gidan biki, ya sha Maltina bai san da sha'ir ake yinta ba. In ba shi da siliyak ya takura kansa a banza, in yana da ita kuma wannan rabi da rabin bai kare hanjinsa ba. Ta kowane gefe dai bai ci riba ba.

Hanya ta biyu, gwaji tukunna. Ita ce mai cin kuɗi da lokaci, kuma ba a kowane ƙaramin asibiti ake samu ba, sai ka nemi likitan ciki da hanji a manyan asibitoci, wani lokacin ma a ɗebi jinin a tura wani gari. Gwajin jinin sunansa tTG-IgA, in ya nuna alama sai a zura ƴar kyamara ta baki a tsinko ɗan naman hanji a duba. Ba kowa ne zan ce ya je ba, amma in da ɗaya daga cikin waɗannan to kar ka tsaya shawara da kowa: zawo da ya ƙi tsayawa sati da sati, ramewa ba dalili, ƙarancin jini da ake ta shan maganin ƙarin jini ya ƙi hawa, yaro da ya ƙi girma ga ƙaton ciki ga ƙananan ƙafafu tun da aka fara ba shi abincin fulawa, mai ciwon suga irin na yara da ake yi wa allurar insulin, ko kuma akwai wanda aka tabbatar wa siliyak a cikin iyaye ko ƴan uwa na jini. Jini a bayan gida ko amai da ya ƙi tsayawa kuwa wannan ya ma wuce maganar burodi. Wata ribar zuwa asibitin ita ce sau da yawa abin da za a samu ba gulutin ba ne sam, ƙwayar nan ce mai kawo olsa, ko tsutsar ciki, ko wata cutar hanji daga ruwan sha, abubuwan da ake magancewa cikin sati ɗaya ko biyu ka koma cin gurasarka lafiya.

In kuwa aka tabbatar siliyak ce, to nan babu wasa, har ƙarshen rayuwa ne, kuma ba maganar burodi kaɗai ba ce. Injin niƙan unguwa da aka gama niƙa alkama a ciki aka zuba dawarka, man da aka soya fanke aka soya maka ƙosai, mai wainar da ke ɗan barbaɗa fulawa a ƙullu don ta yi laushi, ɗanwaken da yanzu wasu da fulawa suke haɗa garinsa, duk sai ka tambaya. Ka ga ai bai kamata mutum ya ɗora wa kansa irin wannan kayan bisa zato ba.

Hanya ta uku ita ce ta masu cewa burodin zamani ne matsalar. Waɗannan ina tare da su rabi. Rabin da ban yarda ba shi ne cewa wai an canza alkamar an cika ta da gulutin. Masu bincike a Jamus sun shuka irin alkama 60 na shekarun 1891 zuwa 2010 a gona ɗaya suka auna, gulutin ɗin bai ƙaru ba. Amma siliyak ɗin kanta ta ƙaru, wannan ma gaskiya ne, a Amurka an kwatanta jinin sojojin sama da aka ajiye tun wajen 1950 da na mutanen yanzu aka ga ta ninka kusan sau huɗu, har gobe kuma ana muhawara kan dalili.

Rabin da na yarda shi ne yadda ake yin burodin ya canza. Da sai an kwaɓa an bar shi awanni, wani ma ya kwana, yis da ƙwayoyin tsami suna cinye wani ɓangare na furuktan ɗin kafin a sa a wuta. A 1961 a wani gari da ake kira Chorleywood a Ingila aka ƙirƙiro hanyar bugun kwaɓi da inji mai gudun tsiya, a ƙara yis da mai da sinadarai, cikin kusan awa uku da rabi an tashi daga fulawa zuwa burodi a leda. Ba kowane gidan burodi ne a nan ke da irin wannan injin ba amma tunanin ɗaya ne, a zuba sinadarin gyara kwaɓi da suke kira imfuruba, a cika suga, a fitar da wuri, ya yi girma a ido ka matse shi ya koma kamar dunƙulen auduga. Irin wannan ba ya ƙosarwa, sai ka cinye rabin babba ba ka sani ba, yawan da ka ci ma kaɗai ya isa ya kumbura ka.

Sai maganar buromet, wadda ita ce damuwar da ta fi cancanta a ƙasar nan amma ba ta da alaƙa da gulutin ko kaɗan. Sinadari ne da ke sa burodi ya tashi ya yi kyau, an ga yana jawo kansa a jikin dabbobin gwaji, musamman a ƙoda, Birtaniya ta hana shi tun 1990, hukumar NAFDAC ma ta haramta shi tun farkon shekarun 2000 zamanin marigayiya Dora Akunyili, kuma har yanzu lokaci-lokaci za ka ji tana gargaɗin masu gidajen burodi a kansa da kuma sakarin da wasu ke sawa a madadin suga saboda tsada. Shi buromet ba ya kumbura ciki ka ji a jikinka, ɓarnarsa a ɓoye take. Maganinsa ba daina alkama ba ne, ka sayi burodin da ke da suna da adireshi da lambar NAFDAC a leda, ka guji wanda ya yi uban girma amma ba nauyi.

To me za a canza zuwa? Burodin alkama mai dusa ya fi ƙosarwa, ya fi taimakon mai taurin bayan gida da mai suga, amma ga mai kumburin ciki ba lallai ya fi ba don furuktan ɗinsa bai ragu ba, kuma wani launi kawai aka sa masa ya yi ruwan ƙasa. Burodin tsami da ake barin kwaɓinsa ya daɗe, wanda yanzu ake samu a wasu gidajen burodi na manyan birane, shi ne ya fi dacewa da masu matsalar furuktan, sai dai tsada, ga tauri, ga tsamin da ba kowa ke so ba, kuma mai siliyak kar ya kusance shi, gulutin na nan daram. Gurasar Kano ta tanderu kayan haɗinta kaɗan ne, ba tarkace, ni na fi natsuwa da ita, amma fulawa ce zalla, in kuma aka yi bandashe aka lafta ɗanyar albasa to ga furuktan nan ninki biyu. Alkubus da funkaso in an bar kwaɓin ya tashi sosai su ma ba laifi. Wannan hanyar dai ita ce mafi arha kuma ba ta ɓata maka gwaji in ka buƙace shi daga baya, tunda ba ka daina alkamar ba.

Ta huɗu ba zan daɗe a kanta ba. Burodi da biskit na kanti masu rubutun ba gulutin. Ga mai siliyak rahama ne, don ƙa'idar Amurka da Turai ita ce kar gulutin ya wuce kashi 20 cikin miliyan, wato abin dogaro ne. Ga wanda ba shi da ita gudun gara ne a faɗa gidan zago: sitacin shinkafa da na rogo da na dankali ne aka haɗa da wani danƙo da mai da suga don ya yi kama da burodi, jerin sinadaransa ya fi na wanda kake gudu tsawo, kuɗinsa ninki-ninki, sannan ka bar fulawarmu da doka ta tilasta a ƙara mata bitamin A. Ka biya wannan kuɗin don cin sitacin shinkafa alhali ga mai waina nan a bakin layi.

Ni ga abin da na sa ƙanwata ta yi, tunda ba ta da ko ɗaya daga cikin alamomin haɗarin nan, ba ta rame ba, jininta ƙalau. Na ce kar ki daina komai tukunna, ki samu ɗan littafi sati biyu kina rubuta abin da kika ci da lokacin da cikin ya tashi. Bayan nan ki riƙa cire abu ɗaya-ɗaya, ba duka a tare ba. Sati guda burodi yanka biyu da shayi ba madara. Sati na gaba madara ta dawo a cire wake da ɗanyar albasa. Na gaba kuma a bar komai yadda yake a canza burodin zuwa gurasa, a daina cin na dare. In duk an yi wannan alkama ce dai ke fitowa, to kafin ki yanke ta sai mu je a ɗebi jini kina kan cinta. Ta ce Yaya wannan ai aiki ne. Na ce ya fi ki shekara talatin kina tambayar masu biki me aka sa a abinci.

Yanzu tana sati na uku. Jiya ta turo min saƙo wai ranar da ta ci burodi da ruwan Lipton kawai ba abin da ta ji, amma ita har yanzu ba ta wanke gulutin ba, ƙila ranar bai yi ƙarfi ba ne. Na ce to, ci gaba da rubutawa dai, saura satin wake.